Ƙarshen Wata, Mai Aron Malamai

Ranar da matata ta rasu, makarantarta ta wayi gari ba shugaba. Safiyar Talata ce. Ta buɗe ido a gadon asibiti, ta dubi agogon bango, ta ce da ni, "Wa zai buɗe ƙofa?" Ƙofar makarantar take nufi, don makullin yana cikin jakarta, jakar kuma tana ƙarƙashin gadon. Na ji numfashinta ya canza, sai na fita kiran ma'aikaciyar jinya. Kafin mu dawo ta daina jin magana. Kafin azahar ta cika.

Labarinta nawa ne, ba na raba shi da kowa. Na mutumin da ya buɗe ƙofar zan ba ku, domin a makon jiya ya ajiye aiki. An yi masa taron ban kwana, an ba shi agogon bango, manya sun yi ta karɓe lasifika daga hannun juna, kuma a cikinsu ba wanda ya faɗi abin da ya yi.

Shi ne sakataren ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu ta yankinmu. Sunan muƙamin ya fi aikin kyau nesa ba kusa ba. Ofishinsa ɗaki ne guda a bayan shagon wani tela, da tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da bulo, da fanka mai juyawa in ta ga dama. Masu makarantu ba sa ce masa sakatare sai a gabansa. A bayan idonsa Ƙarshen Wata suke kiransa, saboda wata ba ya mutuwa bai zo karɓar kuɗin ƙungiya ba. Sunan ya bi shi har yara suka ɗauka. Da sun hango babur ɗinsa sai su ruga ofis suna ihu, "Ga Baba Ƙarshen Wata nan!" Na san mai makarantar da in ya ji wannan shela sai ya shige banɗaki. Shi kuwa sai ya jingine babur, ya zauna a benci, ya jira. Bai taɓa riga mai banɗaki gajiya ba.

Da sassafe yake fita, baƙar jaka a rataye, ya bi makarantun ɗaya bayan ɗaya. Ba ya fara shiga ofis. Ta azuzuwa yake bi, ya leƙa nan, ya gaisa da malamin can, ya ɗaga kai ya dubi rufi. Shi ya sa ya san inda ruwa ke yoyo, da inda aka jibge bencina ba mai zama, da malamar da ke shirin gudu tun kafin ita kanta ta yanke shawara. In rana ta take sai ya tafi ma'aikatar ilimi, ya zauna a baranda yana jiran takardun izinin wasu, yana rantse wa masinja cewa yau ba zai daɗe ba. Haka ya yi ta yi har gashin kansa ya yi fari, babur ɗin kuma ya tsufa tare da shi.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka masu makarantu duk attajirai ne. Kaɗan ne haka. Mafi yawa irin matata ne: ɗakuna huɗu ko biyar, allo, alli, da iyayen da ke biyan kuɗin makaranta da kaɗan-kaɗan. Kowace makaranta ita kaɗai ba ta da muryar da za a ji a ko'ina. Shi ya sa suka haɗa ƙungiya, kuma ƙungiyar ba ta da uba a gwamnati ko wani mai zuba mata kuɗi daga waje. Abin da mambobi suka bayar duk wata shi ne abincinta. Da shi ake horar da malamai lokacin hutu, a buga takardun jarrabawar gwaji, a nemi lauya in an rufe wa wani makaranta ba bisa ƙa'ida ba, a biya sakatare abin da ba zan kira albashi ba don kada in ci mutuncin kalmar. Da shi kuma ake shirya liyafar shekara-shekara, inda manyan mambobi ke ba juna lambar yabo suna tafa wa kansu. Matata tana biya tun kafin a tambaye ta, amma ba ta taɓa zuwa liyafar ba.

Washegarin rasuwar, muna zaune ana karɓar gaisuwa, sai ga shi da jakarsa. Ya yi ta'aziyya yadda kowa ke yi, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Mijin Malama, makullin fa?"

Haka kowa ke kirana a harkar makaranta, kuma ban taɓa samun muƙamin da ya fi shi ba. Na dube shi na ce, "Yau ma ƙarshen wata ne?"

Ya ce, "A'a, Laraba ce. Kuma yara suna bakin ƙofa."

Na sa aka ɗauko jakar na ba shi. Malamar aji ɗaya, wadda matata ta ɗauka aiki tun tana yarinya, ita ta ba ni labarin sauran. Ta ce ya buɗe kwaɗon, ya kaɗa ƙararrawa da hannunsa, ya jera yaran ya gaya musu gaskiya ba tare da ado ba, ya bar su suka yi kukansu. Da suka lafa ya ce, "To, kowa ajinsa." Shi ya tsaya a ajin ƙarshe ranar, ajin matata, yana sa su karatu da ƙarfi don bai san abin da zai koya musu ba.

Ga inda matsalar take. Matata ce kaɗai a makarantar mai takardar shaidar da doka ta ce sai da ita ake shugabanci, kuma ita ke koyar da ajin da zai zauna jarrabawar fita firamare a shekarar. Makarantar da ba ta da shugaba mai takarda, rufe ta ake yi, sunayen 'yan jarrabawarta kuma su faɗi. Kafin mako ya zagayo malamai biyu sun ajiye alli, sun hango watan da ba albashi. Iyaye suka fara tambaye-tambaye. Maƙwabta kuma suka fara murmushi, domin a wannan sana'a rufewar makarantar kusa da kai kasuwa ce ta buɗe.

Sakatare ya kira taron gaggawa, ya kuma ƙi yin sa a zauren da aka saba. A ajin matata ya tara su, manyan mutane da manyan riguna a kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Ya ja ni na zauna a baya. Shugaban ƙungiyar a lokacin shi ne wanda ake kira Mai Bene, saboda makarantarsa hawa uku ce, da motocin ɗaukar yara masu launi ɗaya. Ya yi doguwar addu'a ga mamaciya, sannan ya kawo shawara cikin muryar tausayi: a raba yaran a tsakanin mambobi don kada karatunsu ya tsaya. Shi da kansa, in ji shi, zai daure ya ɗauki ajin ƙarshe gaba ɗaya. Na daɗe ina karanta littattafai, amma ban taɓa ganin an yi rabon gado da ladabi irin na ranar ba.

Sakatare ya miƙe ya ce yana da wata shawarar, kuma gida biyu ce. Na farko, kowace makaranta ta aro malami guda na wasu darussa a mako, a lissafa wannan a matsayin kuɗin ƙungiyarta na watan. Na biyu, kada mamba ko ɗaya ya karɓi yaro daga wannan makarantar har shekarar karatu ta ƙare. Malamin aro ya zo shi kaɗai, ya koma shi kaɗai.

Mai Bene ya ce, "Sakatare, ƙungiya muke yi ko gidan agaji?"

"Ranka ya daɗe, duk wata ina tsayawa a ƙofarku kuna tambayata me ake yi da kuɗin. Yau na samo amsar da za ku gani da idonku."

"To in kowa ya biya da malami, kai da me za a biya ka? Malamin lissafi za ka ɗura wa babur ɗin?"

Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi, ya ce, "Babur ya san hanya. Ranar da ya ƙi, sai in tura shi."

Wata dattijuwa mai ƙaramar makaranta a bakin kasuwa, wadda kowa ke kira Goggo, ita ta fara ɗaga hannu. Ta ce, "Ni dai kuɗi ke ba ni wuya. Malami kuwa ina da wani da ke zaman karanta jarida duk ranar Alhamis. Ku ɗauke shi, in kun ga dama ma kada ku dawo min da shi." Daga nan hannuwa suka yi ta tashi, duk na ƙananan makarantu, waɗanda kowannensu ya san cewa ciwo ɗaya ne tsakaninsa da abin da ya same mu. Mai Bene ya duba hagu, ya duba dama, ya ga an bar shi da abokansa biyu, sai ya ɗaga nasa kamar mai miƙa wa likita hannu don allura.

Kada in yi muku ƙarya, makonnin farko hauka aka yi. Kowane malamin aro ya zo da ɗabi'ar gidansu. Wannan ya ce a miƙe a gaishe shi da waƙa, wancan ya ce wanda ya yi waƙa zai sha bulala. Malaman lissafi biyu aka samu, kowanne da hanyarsa ta rabawa, kowanne kuma yana goge aikin ɗan'uwansa daga allo yana tsaki. Har wata yarinya ta ɗaga hannu ranar gwaji ta ce, "Malam, rabawar mai gemu za mu yi ko ta mai tabarau?" Da labari ya kai wa sakatare, sai ya kulle malaman biyu a ofis lokacin hutun tara, ya ce ba mai fita sai sun yarda da hanya ɗaya. Sun yi musu har aka ji su daga titi, amma sun fito da takarda guda. Daga wannan zaman aka fara tsarin darussa na bai ɗaya da duk makarantun ƙungiyar ke bi yau, wanda na ji wani a wurin taro yana cewa shi ya kawo shi daga wani kwas da ya je.

Sai kuma malamin da Mai Bene ya aiko. Yana koyarwa da kyau, ba laifi, amma malamar aji ɗaya ta lura cewa duk littafin da ya duba sai ya dawo da kauri. Takardun tallar makarantar bene yake cusawa a ciki, da hoton motoci da na ɗakin kwamfuta, don yara su kai gida. Mun zaci sakatare zai kira taro a yi tonon silili. Bai kira ba. Ya tattara takardun, ya juya bayansu, ya ga fari ne tas, sai ya raba wa yara suka yi aikin lissafi a kai. Aka duba da jan biro, ya ɗaure su da roba, ya kai wa Mai Bene har ofis a gaban baƙinsa.

"Ranka ya daɗe, yara sun ce a yi maka godiya da gudummawar takarda. In da saura a ƙaro, bayan yana ɗaukar fensir sosai."

Ba a sake ganin talla a makarantar ba.

Watannin nan kuwa kuɗin da ke shiga ƙungiya ya ragu ƙwarai, tunda rabin mambobi da malami suke biya. Telan da ke gaban ofishinsa ya shaida min cewa ya sha ganin sa yana tura babur a rana, gumi ya jiƙa rigar, jakar tana lilo a wuyansa. In tela ya tsokane shi sai ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki.

Ranar da sufeton makarantu ya zo, da kwaɗo ya zo a cikin motarsa. Sakatare ya san makon da za a zo, zaman baranda bai tashi a banza ba. Sufeto ya shigo ya tarar da kowane aji da malami a gaban allo. A kujerar matata kuma ga mataimakin shugaban makarantar Goggo, mai takardarsa cikakkiya, wanda ta bayar aro har ƙarshen shekara. A tsakar gida masu makarantu sun cika bencina suna jiransa. Sakatare bai ɓoye masa komai ba. Ya nuna masa kowane malami ya faɗi daga inda aka aro shi.

Sufeto ya ce, "Wannan ai duk aro ne."

"Aro ne, ranka ya daɗe. Yaran ne kawai ba na aro ba."

"In masu aron suka janye gobe fa?"

Goggo ta amsa daga inda take zaune, "Ɗan nan, ka ga alamar mai tafiya a nan? Ni ko tashi daga bencin nan sai an kama ni."

Sufeto ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya gagara. Ya zagaya azuzuwan, ya duba littattafan yara, ya dawo ya ce ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen shekara, amma lallai makarantar ta samu shugaba nata na kanta. Kwaɗon ya koma yadda ya zo.

Shugabar ma sakatare ya riga ya hango ta. Malamar aji ɗaya ta taɓa fara karatun neman takardar, ta tsaya saura kaɗan don rashin kuɗi. Ya koma gaban mambobi ya ce a ɗauki kuɗin liyafar shekarar a mayar da ita makaranta. An yi ƙorafi, an yi gunaguni, aka yarda. Shekarar ba a yi liyafa ba, ba a ba kowa lambar yabo ba, kuma har yau ban ji wanda rashinta ya kwantar ba. 'Yan ajin ƙarshe suka zauna jarrabawarsu da sunan makarantarsu, ba a cire ko ɗaya ba. Ranar da sakamako ya fito, iyaye suka cika tsakar gida, wata uwa ta kama rigar sakatare tana kuka tana dariya, shi kuma yana ta ƙoƙarin ƙwace jakarsa don akwai makarantar da ke jiransa.

Amma Ƙarshen Wata bai taɓa yafe ƙarshen wata ba, ko ga wanda ya ceta. Da shekara ta juyo ya zo ya same ni, tunda ni ne mai makaranta a takarda. Na ce masa ba kuɗi, ba kuma malamin da za mu iya bayarwa. Ya dube ni daga sama har ƙasa kamar mai tayin kaya.

"Kai fa? An ce ka ƙarar da ƙuruciyarka a maɗaba'a kana gyara rubutun manya."

"Ni ba malami ba ne."

"Yara sun fi manya jin gyara. Hau babur."

Tun daga ranar ni ne kuɗin ƙungiyar makarantarmu. Duk wata ana karɓata a kai ni inda ake buƙatar mai koyar da rubutu.

Bayan wasu shekaru gwamnati ta ɗauki malamai da yawa a lokaci guda, kuma mafi yawan na Mai Bene suka tafi ana tsakiyar zango, jarrabawa ta ƙarato. Hawa uku, motoci a jere, azuzuwa ba kowa a gaban allo. A taron da aka kira, na ga idanun ƙananan masu makarantu suna ƙyalli, don yaran bene iyayensu ba sa biya da kaɗan-kaɗan. Wani ya ce ai yanzu lokacin raba yara ya yi, don kada karatunsu ya tsaya, ya kuma kwaikwayi muryar tausayin nan har aka yi ta dariya. Ni ma na yi, kuma na ji daɗinta. Sakatare ya bari aka gama, sannan ya ce, "Dokar da ta rufa wa Malama asiri ita za ta rufa masa. In ta zama ta wanda muke so kaɗai, ku nemi wani sakataren." Nan take aka fara ba da malamai, har Goggo.

Ni aka tura hawa na uku. Mai Bene ya ci karo da ni a matattakala ina haki.

"Mijin Malama, kai aka turo?"

"Ni ne kuɗin wannan watan, Alhaji." Na zazzage masa aljihuna biyu a gabansa don ya ga ba takardar talla.

Sai ya karɓi jakata ya hau da ita har ƙofar ajin. Makarantarsa ta tsaya da ƙafarta, bai rasa yaro ko ɗaya ba, kuma tun daga lokacin shi ke fara biya, da kuɗi da malami duka.

Kai ne ka yi wannan, Ƙarshen Wata. Kai ne ka ɗauki mutanen da sana'arsu ta koya musu jiran faɗuwar juna, ka zaunar da su a bencin yara har suka ɗaga hannu. Kai ka tura babur a rana don wata yarinya ta koyi rabawa hanya ɗaya. An ɓuya maka a banɗaki, an sa maka suna, an ce kana cin kuɗin ƙungiya alhali takalminka yana shaida akasin haka, ba ka fasa zuwa ba. A shekarun nan ba makarantar mamba ko ɗaya da aka sa wa kwaɗo don mai ita ya mutu ko ya kwanta ciwo. Mai jaka, mai jira a baranda, na gode. Ni mutum ne da godiya ke yi wa nauyi a baki, ka san haka, don haka ka riƙe wannan da kyau.

Ku kuma masu makarantu, an naɗa sabon sakatare, yaro ne mai ɗanyen jini da sabon babur. In ya tsaya a ƙofarku, ku fito ku biya. In ba kuɗi ku ba da malami, in ba malami ku duba gidanku, ba a rasa tsoho irina da ke zaune yana ɓata wa mutane rai. Kuma ranar da maƙwabcinku ya faɗi, ku aika masa malami, ku bar masa yaransa.

Makullin yanzu yana hannun wadda ta kasance malamar aji ɗaya. Ita ce shugaba, da takardarta a jikin bango, kuma a jakar matata take ajiye shi don ni na ba ta. A wurin taron ban kwana an sa ni cikin masu magana, amma manya suka cinye lokacin, aka ce in yi haƙuri. Ban damu ba, don maganar da ta rage min ba ta lasifika ba ce, kuma mai ita ba ta wurin. Ta yi min tambaya ɗaya a safiyar Talatar nan, na fita ban amsa ba.

Ƙarshen Wata ne, Malama. Shi ya buɗe, kuma har yau ba a rufe ba.